Ledar da Na Naɗa wa Gadon Ƙanwata

Shekarar da na fara aikin goge-goge a wani ƙaramin asibiti a Kalgo aka canza mariƙan ƙofofi da ƙarafan gefen gado na ɗakin masu haihuwa, aka sa na tagulla. An tara ma'aikata an yi bayani, amma ranar na tafi Gwandu biki. Abin da na tarar kawai shi ne ɗaki yana walƙiya kamar jeren amarya. Wallahi sai da na yi 'yar rawa da tsintsiya a hannu.

To mu a gidanmu sabon abu ba a barinsa tsirara. Rediyon babanmu har ta mutu tana cikin ledarta. Da na ga hannaye sun fara dusar da tagullar nan, raina ya ɓaci, na ce mutane ba su san darajar kaya ba.

A makon ne aka kawo ƙanwata daga Dalijan, aka yi mata aiki aka ciro jariri. A haihuwarta ta fari ɗinkin ya yi ruwa, ta yi wata biyu tana jinya, har mun fara cire rai. Tsoron da ke cikina ke nan. Na ce wannan karon ko ƙuda ba zai sauka kusa da ita ba. Na sayo leda, na naɗe ƙarafan gadonta tsaf, ninki uku, na ɗaure da zare. Na ja da baya ina yaba kaina.

Da safe babbar nas ta shigo zagaye, ta tsaya turus.

"Wa ya yi wanga aiki?"

Na gyara tsayuwa. "Ni ce, Sista. Don kada datti ya taɓa shi."

Ta dafa bango tana dariya har da hawaye. "Ke ɗiyar nan! Ai ƙarfen shi ka kashe ƙwayoyin cuta in sun sauka bisa nai. Don haka anka sa shi. Kin rufe mai gadi cikin ɗaki kin bar ƙofa buɗe!"

Na hau yagar leda da hannu da haƙori, ƙanwata tana riƙe da ciki tana cewa, "Adda, don Allah ki bari, ɗinkina zai ɓalle!" Sauran masu jego ma suka kama dariya. Ni kuwa kunya da tsoro sun hana ni ɗaga kai.

Daga ranar na zama 'yar sanda a bakin gadon. Duk mai zuwa barka, ko surukarta ce, sai ta wanke hannu da sabulu ina kallo.

Ranar da aka zo buɗe ciwon, na tsaya a bayan Sista ina leƙe. Ta ɗaga audugar a hankali. Wurin ya bushe ƙamas.

Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba. Jarirai huɗu suka farka a tare, Sista ta kore ni waje, na zauna a kan dakali ina dariya ina share hawaye.