Inda Aka Kai Gbolahan

Iya Gbolahan ta yi aikin buga takardu da tafireta a sakatariyar gwamnati ta Ibadan har ta yi ritaya. Sunanta na yanka Ibidun, amma a gidanmu na haya da ke Oke-Ado ban taɓa jin an kira ta da shi ba. Da sunan ɗanta na fari kowa ke kiranta, ko da yake ya rasu tun kafin a haife ni, yana ajin ƙarshe a jami'a. Ƙofar ɗakina na kallon tata, shi ya sa na san ƙarar tafiretarta kamar yadda na san tarin mai gidan hayarmu.

Da ta bar aiki sai ta ce ta gaji da buga maganar wasu, za ta buga tata. Ta rubuta labarin wata mai rini, Abeke, wadda ɗanta ya mutu yana saurayi. Shekaru ta yi a kai, yanar ido na rage mata gani a hankali. Da ta gama, wani ƙaramin kamfanin ɗab'i ya karɓa, ya miƙa wa editarsa, wata matashiya mai suna Tinuke.

Tinuke da kanta ta kawo gyaran. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta, sannan ta ajiye takardun, duk jan biro.

"Mama, littafin nan ya hana ni sukuni. Amma akwai rami a tsakiyarsa."

"Rami? To ɓera ne. Gidan nan ba su bar komai ba."

Tinuke ta yi dariya, ta buɗe shafin. "Nan ne. Yaron ya mutu a ƙasan shafi, na juya sai na ga har damina ta wuce. Wa ya ɗauke shi? Ina aka kai shi?"

"Ke ba a ƙasar Yarabawa aka haife ki ba? Uwa tana bin gawar ɗanta?"

"Na sani, Mama. Ban ce Abeke ta je ba. Amma ai wani ya je. Ki bi shi, mu kuma mu bi ki. Sauran gyaran duk ƙanana ne. In babu wannan babin, manyanmu ba za su buga ba, ni ma ba zan roƙe su ba."

A wajenmu iyaye ba sa ganin gawar ɗansu, ba sa zuwa binne shi, ba a kuma nuna musu kabarinsa. Ƙananan dangi ke ɗaukar wannan nauyi, su dawo su yi shiru. Haka aka yi wa Iya Gbolahan. Ranar da abin ya faru mata suka kewaye ta a ɗaki, ta ji tashin mota a waje, iyakar abin da ta sani ke nan.

Ƙananan gyare-gyaren ba su ba ta wuya ba. Babin ne ya tsaya mata. Ta buga, ta yaga, ta sake bugawa. Wata rana da hantsi ta kira ni ta karanta mini abin da ta yi, takardar daf da hancinta. Akwai babbar bishiya a ciki, da jar ƙasa, da fasto yana addu'a. Tana tsaka da karatu ta tsaya.

"Ƙarya ce, ko?"

Na ce, "Ya yi kyau, Mama."

"Ba kyau na tambaye ki ba. Ban san ko akwai bishiya ba. Ban ma san launin ƙasar ba." Ta ninke takardar. "Idon nan ba zai jira ni ba. Gobe ki raka ni Molete."

A Molete Broda Lasun yake, ƙanin marigayi mijinta, tsohon tela. Mun same shi a ƙofar gida yana cin amala.

"Matarmu! Yau kuma? Ko kin yarda ne a ƙarshe in gaje ki?"

"Da haƙoran nan naka biyu? Broda Lasun, ka ba ni kujera tukuna."

"Biyun nan sun fi na saurayi aiki. Tambayi naman nan."

Ta bari ya wanke hannu, sannan ta ce, "Ina kuka kai Gbolahan?"

Ya daɗe yana goge yatsunsa da tsumma, ɗaya bayan ɗaya.

"Ba a wannan tambayar."

"Na yi ta."

"Yayana har ya koma ga Allah bai yi ta ba. Saboda littafi? Wata yarinya mai jan biro ta ce ki tono abin da manya suka rufe, ke kuma kin taso?"

"Yarinyar ta yi gaskiya. Na rubuta komai na ɗana, har yadda yake tauna ƙeyar biro, amma na bar shi a ƙasan shafi kamar wanda aka manta a tasha. Ka faɗa mini, ko in mutu da rabin littafi."

Sai ya faɗa, idonsa a kan titi. Ya ce ana yayyafi a ranar. A bayan akori-kurar wani abokinsa suka ɗauke shi, shi da samarin dangi, ba fasto, ba waƙa. Suka wuce Apata zuwa gonar rogon gidansu. Ƙasar baƙa ce, ta jiƙe, tana manne wa shebur. Ya ce shi ya shiga ramin ya karɓe shi, kuma ya yi mamakin rashin nauyinsa. Da suka gama suka baje wurin, suka ja ganyen rogo a kai, domin manya sun ce kada a bar wata alama da za ta ja uwarsa.

Iya Gbolahan ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Kai ni."

"Babu abin gani. An sayar da gonar tuntuni, gari ya cinye wurin."

"Me ke wurin yanzu?"

Ya ninke tsumman, ya sake buɗe shi.

"Broda Lasun."

"Tashar tasi," ya ce. "Wadda ke gaban cocinku. Inda kike sauka." Ya share fuska da tafin hannu. "Da na ji kin koma wannan cocin, na ɗaura niyyar zuwa in hana ki. To in ce miki me?"

Muka kamo hanyar dawowa. Hannuna kawai ta riƙe, da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

Cikin mako guda ta buga babin. Wannan karon ba ta yaga ko shafi ɗaya ba, ba ta kuma karanta mini ba. Tinuke ta kira ta a waya, ina jin ta tana cewa wannan babin shi ne littafin, za a buga kafin ƙarshen shekara. Iya Gbolahan ta ce, "To, madalla. Ki gaida gida."

Tun daga nan ba ta sake zuwa coci ba. Matan ƙungiyarsu sun zo cikin ankonsu suna tambaya, ta ce musu ƙafa ce. Suka yi mata addu'a, suka bar mata man zafi.

Ran Lahadi na leƙa na same ta ta yi wanka, ta ɗaura ɗankwali, jaka a cinya, tana zaune a bakin gado. Na ce ko in tsayar mana da tasi.

Ta girgiza kai. "In na sauka," ta ce, "ta ina zan taka?"