Ranar da Aka Hana Malam Babaji Buga Ƙarfe

Malam Babaji ɗan Ƙofar Marusa ne, ɗa na huɗu a gidan maƙera. Tun yana ƙarami aka zaunar da shi a maƙera, ya iya guduma sosai, amma hayaƙin gawayi bai karɓi ƙirjinsa ba. A shekarar 1989 wani kawunsa ya samo masa aikin yankan ciyawa a makarantarmu ta maza, wadda ke kan hanyar Batagarawa idan ka fita ta Ƙofar Kaura. Na riga shi zuwa da shekara biyu ina koyar da lissafi, kuma bayan na yi ritaya an roƙe ni na ci gaba da riƙe ƙananan azuzuwa. Abin da zan faɗa a kansa da idona na gani.

Ƙararrawar makarantar ba irin wadda na sani a makarantar mishan ba ce, mai igiya da harshe. Ƙarfen tayar wata tsohuwar babbar mota ne, an rataye shi da sarƙa a reshen bishiyar bedi, wato darbejiya, gaban ɗakin malamai. A da, duk wanda ya tuna shi yake bugawa. Wata rana Babaji yana wucewa da laujensa ya ga wani malami yana kwaɗa wa ƙarfen dutse, sai ya tsaya.

"Malam, ba nan ake bugun ƙarhe ba," in ji shi. "Kana ji mishi ciwo."

Washegari ya zo da guntun rodi daga maƙerar gidansu, ya buga sau ɗaya a gefe, ƙarar ta kai har bakin titi. Tun ranar aka bar masa aikin.

Kowane lokaci da bugunsa. Shiga aji uku ne a jere. Canjin darasi ɗaya ne mai jan rai. Tashin tara, wato hutun cin abinci, biyu-biyu ne da sauri, komawa kuma biyu-biyu a hankali, kamar mai ba da haƙuri. Na salla daban, na tashi gida daban. Bai taɓa ɗaura agogo ba. Inuwar bedin yake kallo a jikin bangon ɗakin gwaji, inda ya yi zane-zane da ƙusa, yana gyara su daga wata zuwa wata. Ranar da hadari ya rufe rana, ya ce a gwiwarsa ta hagu yake jin lokaci. Ni da aka horar da cewa minti ɗaya ma makara ce, na shekara talatin ina gwada shi da agogona da nake saitawa da labaran rediyo. Sau biyu muka saɓa. A na biyun batirina ne ya yi sanyi.

Daminar shekara biyu da suka wuce aka yi wata iska da la'asar wadda ta yaye rufin azuzuwa uku, ta kuma kayar da katangar ɗakin Babaji a kansa. Allah ya yi da sauran kwana, hannun dama kawai ya karye. Maɗori ya ɗora, ya ce ya kwanta wata biyu. Mu kuma muka koma karatu a gindin itatuwa, allo a jingine da kujera. Duk Asabar yara da malamai suka riƙa zuwa Ƙofar Marusa suna kwaɓa ƙasa, suna miƙa tubali hannu zuwa hannu, matarsa Kulu tana dama musu kunu. Matan da ke sayar da ƙosai da awara a bakin makaranta suka ɗauki nauyin tukunyar gidan. Cikin Asabar huɗu ɗaki ya tashi, ƙofarsa ta ɗan karkace domin malamin tarihi ne ya auna ta.

Babaji dai kwana tara ya iya kwanciya. Ran na goma sai ga shi a gindin bedi, dama a rataye a wuya, rodi a hagu.

A haka Alhaji Umair ya same shi. Shi ne shugaban ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, ya zo duba rufin da ya yaye. Yana ganin tsohon yana bugu da hannu ɗaya sai hawaye suka zubo masa. Ya rantse a gaban kowa cewa mutumin da ya tashe su tara shekara shida ba zai ƙara ɗaga ƙarfe ba. Bayan wata ɗaya aka yi biki, da rumfa da lasifika. Aka kafa ƙararrawar lantarki mai buga kanta, aka manna allon tagulla a ƙasanta ɗauke da sunan Malam Babaji. Shi kuma aka ba shi takardar yabo da kujera mai hannu, aka ce ya zauna ya huta.

"To mi zan riƙa yi, Alhaji?"

"Hutawa, Baba. Ka ji ta buga, ka yi murmushi."

Mako biyu bayan biki takarda ta zo wa Firinsifal, Malam Isiyaku, daga hukumar da ke kula da mu. An taya mu murnar ci gaba. An kuma ce tunda na'ura ta karɓi aikin, babu sauran gurbin mai buga ƙararrawa, za a turo jami'i ya tabbatar, a sallami Malam Babaji a ƙarshen zango.

Muka yi taro a ɗakin malamai. Wani ya ce a cire na'urar. Malam Isiyaku ya riƙe kai.

"Sunan wa ke jikinta? In mun cire ta, Babaji muka cire daga bango, a gaban Alhaji Umair da hotunan biki. In mun bar ta, Babaji muka cire daga makaranta. Ku zaɓa mini."

Ba wanda ya zaɓa.

Da farko na'urar da kanta ta taimake mu. Duk lokacin da aka ɗauke wuta sai agogon cikinta ya manta komai, in an dawo da ita ya fara lissafi daga sha biyu. Ta tashe mu tara da ƙarfe takwas da minti goma. Ta sallami makaranta gida ana tsakiyar taron safe. Sai Babaji ya ƙirƙiro sabon bugu, ɗaya gajere mai kaushi, ma'anarsa ƙarya take yi, kowa ya koma. Aikinsa ya ninka. Amma bai taɓa zaginta ba. Takwara yake ce mata, kuma kullum da safe sai ya hau kujerar girmamawar ya goge mata ƙura da hularsa.

"Yarinya ce," yakan ce mini. "Za ta koya."

Ta kuwa koya. Labari ya kai wa Alhaji Umair cewa kyautarsu tana ba da kunya, sai ya aiko da sola da batir. Daga ranar ba ta ƙara kuskure ba. Na gwada ta da agogona kwana biyar, ko daƙiƙa ba ta ci ba, kuma ban taɓa jin haushin daidaito ba sai a wannan makon.

Ran Litinin a taron safe Malam Isiyaku ya hau dakali ya ce, "Na'ura ta gyaru. Ranar Alhamis jami'i zai zo ya ga ko za ta iya riƙe makaranta ba tare da Malam Babaji ba. Wanda ya ji ta, ya ji. Ni dai kwanan nan kunnena ya yi nauyi." Ya sauka daga dakalin. Yara ɗari bakwai suka dube shi, suka dubi gindin bedi.

Jami'in, Malam Nu'uman, ya iso ran Alhamis da ƙarfe bakwai da rabi, da jakarsa da takardar cikewa. Mutum ne mai ladabi. Ya gaida Babaji har da tambayar hannu, sannan ya karɓi rodin ya ajiye a teburin Firinsifal.

"Baba, yau ka huta. Mu ga aikin na'ura."

An shiga aji kafin takwas, domin Firinsifal ya yi nuni da hannu. Ni ina aji biyu, muna kan raba lamba. Takwas da minti arba'in na'ura ta buga canjin darasi, ƙara har cikin haƙori. Na ɗaga alli daga allo. Yara sittin suna kallona, ba wanda ya ko rufe littafi. Na ci gaba da rubutu.

Ta buga na biyu, ta buga na uku. Sai ta buga tara. A nan ne na ji tsoro, domin na san yawancinsu da ruwan koko kawai suka fito daga gida, kuma ƙamshin ƙosai yana shigowa ta taga. Wani ƙarami a layin gaba ya haɗiyi yawu har na ji. Ya ɗaga hannu, na ce shi ke nan, an karye.

"Malam, a ƙara mana misali."

A shekara arba'in na koyarwa ba a taɓa roƙona misali ba. Na ƙara musu goma sha ɗaya.

Malam Nu'uman ya leƙo ajin da takardarsa.

"Malam Yusuf, ba ku ji ƙararrawa ba?"

"Wace, ranka ya daɗe?"

"Wadda ta buga yanzu!"

Na juya ga yara. "Kun ji wani abu?"

"A'a, Malam!" Har da waɗanda suka toshe kunne lokacin da take bugawa.

Ya fita ya zaga. Malamin Turanci ya gama littafin zango, ya koma shafin farko. Malamin addini ya kai yaransa har rabon gado, wanda sai aji shida ake yi. Wanda ya fi shan wuya malamin motsa jiki ne, domin darasin farko ya same shi a fili, kuma har sha ɗaya yaransa suna zagaye, daga gudu zuwa tafiya, daga tafiya zuwa jan ƙafa, yana biye da su da usur a baki ba ya iya hurawa. Matan bakin ƙofa suka aiko a tambaya ko rasuwa aka yi.

Jami'in ya koma gindin bedi. Wannan ɓangaren Malam Isiyaku ne ya ba ni labarinsa, domin yana tsaye a wurin.

"Baba, tsakaninka da Allah, na'urar nan tana kuskure?"

"Ko kaɗan, ranka ya daɗe. Takwara daidai take. Ga inuwa nan, duba."

"To me ya sa ba su fita ba?"

"Ai ba a buga ba."

Ƙarfe ɗaya da rabi ta buga na salla. Ladanin masallacin makaranta, wanda shi ne mai gadinmu, yana zaune da alwalarsa a bakin ƙofa bai motsa ba. Malam Nu'uman ya nannaɗe hannun riga, ya nufi famfo, sai ya lura duk faɗin makarantar shi kaɗai ke tafiya. Ya tsaya a tsakiyar fili, rana a ka. Ya juya ofis, ya fito da rodin, ya miƙa da hannu biyu.

"Baba, don girman Allah, buga."

Babaji ya miƙe, ya dubi bango, ya dubi ƙarfe.

"Wanne zan buga? Guda bakwai suka wuce."

"Buga na yanzu mana."

"Ba a tsallake, ranka ya daɗe."

Ya fara daga canjin darasi na farko. Muka fito da allunan alli muka yi musayar azuzuwa a guje. Kafin in ajiye littafi ya buga na biyu, muka sake fitowa, na yi karo da malamin tarihi a baranda. Bayan na uku ya buga tara, yara ɗari bakwai suka kwararo waje da ihu, na gaba sun kusa kai hannu ga ƙosai ya buga komawa, suka yi kwana suka dawo, ƙura ta rufe jami'in har hula. A minti huɗu aka yi yinin makaranta cif. Da ya buga na salla ladan ya tashi ya kira, kuma Malam Nu'uman a sahun farko ya yi ta, yana tari. Bayan sallama Firinsifal ya ba da tara ta musamman, matan suka sake ɗora mai.

Amsar hukuma ta zo ana saura mako guda a rufe zango, ni na karanta wa Babaji ita a gindin bedi. An ce bincike ya nuna na'urar tana aiki daidai, saboda haka soke gurbin mai buga ƙararrawa yana nan daram. Sai dai an gano makarantar ba ta jin na'urar sai an tabbatar mata, don haka an buɗe sabon gurbi na mai tabbatar da ƙararrawa, an kuma naɗa Malam Babaji, bisa gwajin wata shida, kasancewarsa sabon ma'aikaci.

"Gwaji?" ya ce. "To, Allah ya sa in iya."

An tabbatar da shi bara. Yana nan har yau.