Gayyar hanyar jirgi

Shekarar da ta biyo bayan samun mulkin kai wakilinmu na majalisa ya zo Nasarawan Doya, ya ce za a ja reshen hanyar jirgin ƙasa ya bi ta garinmu ya nufi Ikara. Bayan sati biyu masu awo suka zo suka kafa turaku. Layin ya raba fadamata biyu, inda rake ya fi yin kyau, ni kuwa a lokacin ban daɗe da aure ba, fadamar nan ce kaɗai abin da na mallaka.

Ban ji haushi ba, murna ma na yi. A wajenmu in ana son hanya gayya ake kira, a share, mutane su fara bi. Sai muka ɗauka jirgi ma haka yake. Ni na kira gayyar, da kiɗa da fura, muka sare raken nan nawa, muka share layin fes. Muna gamawa muka tsaya muna kallon gabas kamar masu jiran baƙo.

Damina uku muna wannan aiki. Ciyawa ta fito mu nome, ba mai shuka ko ƙwayar dawa a wurin. Abokan wasana suka sa mini suna Sarkin Tasha. Matata kuwa in ta miƙo tuwo da miya tsararo sai ta ce, “Naman yana cikin jirgi.” Ina dariya, amma abin yana cina, don rumbuna ba ya kai mu bazara.

Da zaɓe ya matso wakili ya dawo. Aka yi gaisuwa mai tsawo a ƙofar liman, ya fara bayani wai takardu suna Kaduna. Baffana, tsoho mara tsoron kowa, ya katse shi.

“Ranka ya daɗe, sau uku muna yi maka gayya. A garin nan wanda aka yi wa gayya shi ma yana fitowa.”

Ya miƙa masa fartanya. Don kunyar idon jama'a, bawan Allah ya naɗe babbar riga ya bi mu fadama. Ko kunya ɗaya ta noma bai gama ba gumi ya jiƙa shi sharkaf, mata suna leƙe ta dangar gida suna ƙyaƙyata dariya. Sai ya miƙe yana haki, ya tambaya wane ne mai gonar. Na matso.

“Yaushe jirgin zai zo, ranka ya daɗe?”

Ya dubi ƙasa, ya rage murya. “Ɗan'uwa, ka shuka gonarka.”

Duk zuwansa garinmu, wannan ce maganarsa da na fi jin daɗi. Ƙuri'ata dai bai samu ba, amma na raka shi har mota, daga nan na wuce Makarfi neman irin rake.