Mai Tsani da Bustar da Ta Kusa Raba Maƙwabta

Da hantsi za ka gan shi, tsani ɗaure a gefen babur, jakar kayan aiki a kafaɗa, yana bin gidajen da suka kira shi. Mai gyaran wayar intanet da eriya ne, Mai Tsani kowa ke ce masa. Ba ya taɓa waya ko ɗaya sai ya tuɓe takalmi, ya gaida mutanen gida, ya ji damuwarsu. Da labari ya bazu cewa ya ajiye aiki saboda gwiwa ta ƙi hawa, mutane suka yi ta salati. Amma ba wanda abin ya girgiza kamar matar wani tsohon direba da ke gidan kan kwana.

A kwanakin baya ne mijinta ya samu shanyewar ɓarin jiki. Likitar da ke koya masa motsa hannu tana nesa, ta bidiyo take ganinsa da yamma. Sai dai da an fara, hoto ya daskare, murya ta kakkarye, intanet ta ɗauke. An sake akwatin intanet, a banza. Likita ta ce in aka ci gaba a haka, hannun zai sandare. Hankalin matar ya tashi, zarginta ya faɗa kan maƙwabcinsu tela, wai 'ya'yansa ne ke jan intanet ɗin ta bayan katanga. Ta yaɓa masa baƙar magana a bakin ƙofa, ko gaisuwa ta yanke.

Da aka kira Mai Tsani, ya zo da yamma daidai lokacin darasin likita, ya zauna a falo ya zuba ido. Matar ta kunna wa maigidan talabijin kamar kullum, don ya rage kewa. Nan take fitilar akwatin intanet ta fara ƙyaftawa.

"Hajiya, kashe talabijin ɗin daga bango," in ji shi. Fitila ta tsaya cak. "To, kunna." Ta koma rawa.

Ya zura hannu bayan kabad ya zaro wata 'yar busta, na'urar ƙara wa eriya ƙarfi. Ta yi zafi rau, wayarta ta zaizaye, ta kanannaɗe da ta intanet. "Ga ɓarawonku. Ta tsufa, hayaniya take zubawa a cikin waya, sai intanet ta kasa wucewa."

Matar ta dafe ƙirji. "Innalillahi! A falona? Ni da hannuna nake kunna ta?" Kalaman da ta faɗa wa tela suka riƙa dawo mata ɗaya bayan ɗaya. Can ta ce, "Malam, kwashe talabijin ɗin gaba ɗaya." Tsohon ya sunkuyar da kai. Tun da ciwo ya ɗaure masa harshe, talabijin ɗin ne abokin hirarsa.

"A'a, ba za a yi wa Baba haka ba," in ji Mai Tsani. "Zan hau in gyara wa eriya zama, ba sai da busta ba. Amma ina son mai riƙe mini tsani. Ki kira maƙwabcinki."

Cike da kunya ta je ƙofar tela ta yi sallama. Tela ya fito ya riƙe tsani da hannu biyu, yana kallon gwiwoyin Mai Tsani na karkarwa a kowace takawa. Kafin a sauko ta roƙi tela gafara. Ya ce, "Ya wuce, Hajiya. Ya jikin Baba?" A ranar likita ta yi darasinta har ƙarshe. Yanzu tsohon direba da kansa yake kai kofi bakinsa.

Kai ne, Mai Tsani, ka hau rufin nan da gwiwar da muka ji daga baya cewa tuni aka hana ka hawa da ita. Da matar ta ji haka, zama ta yi a ƙasa tana hawaye. Kai ne mai kunne kafin hannu, mai gyara ba tare da tozarta kowa ba. Mun gode, Allah ya ba ka lafiya, ya sa ka huta cikin rufin asiri.

Ku kuma masu tasowa a wannan sana'a, ku je ku gaishe shi tun yana da ƙarfin ba ku labari. In kun shiga gida gyaran waya, ku ɗaga kai ku dubi wanda ke zaune a kujera.