Ranar da Baba Pim-Pim Ya Makara

Baba Pim-Pim direban motar 'yan makaranta ne, kuma yaran da yake ɗauka ne suka laƙa masa sunan, saboda hon ɗinsa. Motar tsohuwar bas ce, ƙofarta sai an tallafe ta da gwiwa take rufuwa, madubin gefe da waya aka ɗaure shi. Amma hon ɗin, kai, lafiyarsa lau. In ya danna shi a bakin layi kaji watsewa suke yi, uwaye su fito da yaro a hannu ɗaya, takalminsa a ɗaya hannun.

Yana matashi babbar mota ya ja, ta dogon zango. Da bayansa ya fara yi masa gardama sai ya dawo gida ya kama wannan. Taƙamarsa ɗaya ce a duniya: tunda ya fara, maigadin makaranta bai taɓa rufe masa ƙofa ba.

Kujerar gaba ta jikarsa ce, wadda yake kira Gimbiya, 'yar aji biyu da aka ba su riƙo shi da matarsa Iya. Tsokanar juna suke tun daga gida har makaranta. Ana nan sai Gimbiya ta fara riƙe ciki da safe.

"Lissafi ne ba ta yi ba," in ji Baba. "Na san irin wannan cikin, ranar hutu warkewa yake."

Amma abin ya wuce wasa. Yarinya ta rage cin abinci, sai ta yi kwanaki ba ta yi bayan gida ba, tsokanar ma ta daina. Iya ta ba da ruwan ɗumi, ta ba da maganin tsutsa, shiru. Uwar yarinyar ta yo waya ta ce in ciki bai daidaita ba, ƙarshen wata za ta zo ta ɗauki 'yarta. Ranar Baba bai iya gama shayinsa ba.

Suka tafi asibiti, aka yi gwaje-gwaje, aka ɗauki hoton ciki, ba a ga komai ba. Likitar ta jawo kujera kusa da Gimbiya.

"'Yammata, da safe kina shiga banɗaki?"

"Ina shiga. Da na tsuguna sai in ji pim-pim."

"Wa ke pim-pim ɗin?"

Gimbiya ta nuna kakanta da baki. Baba ya shiga gyaran hula.

"A makaranta fa?"

"Ƙofar banɗakin ba sakata. Shi ya sa ba na shan ruwa, kada fitsari ya kama ni."

Likita ta juyo ta ce, "Baba, ciwon gaskiya ne, ba ƙarya take ba. Hanjin lafiyarsa ƙalau, aikinsa ne ya rikice. Irin wannan yana da yawa a yara, kullum muna gani. Gaggawa, riƙe bayan gida, ƙarancin ruwa, fargaba, duk ciki yana ji." Ta rubuta maganin da ke sa bayan gida laushi, ta ce a yawaita ruwa da ganye da 'ya'yan itace, kuma bayan karin kumallo a bar yarinya ta zauna a natse.

Washegari da mota ta cika, Baba ya dubi madubi ya ce, "Kai jama'a, wa cikinsa ke ciwo da safe?"

Ya zaci mutum biyu zai gani. Sai ga hannuwa sun tashi gaba da baya, wani ƙato a kujerar ƙarshe ma biyu ya ɗaga.

"Kai ciki biyu gare ka?"

"Ɗaya na ƙanena ne, Baba, barci yake."

Ranar ya bi uwayen layi layi, ya faɗa musu abin da likita ta ce. Da safe ya zo ya tsaya, ya kashe mota, ya naɗe hannu. Wani gida aka jira, wani gida aka ƙara jira. Suna isa makaranta maigadi na tura ƙofa.

"A'a! Wa nake gani? Baba Pim-Pim a sahun 'yan makara? Ko hon ɗin ne ya rasu?"

"Yana nan da ransa. Manyan mutane na tsaya jira, suna wani muhimmin zama." Ya zaro sakata da ƙusoshi daga aljihu ya miƙa masa. "Ungo, banɗakin yara. Ni na kawo, kai ka buga."

Daga nan uwaye suka riƙa tayar da yara da ɗan wuri, makarar ta ragu, ko da yake ba ta ƙare ba. Cikin Gimbiya ma ba rana ɗaya ya shiryu ba, yakan ɗan motsa lokacin jarrabawa. Amma da uwarta ta zo ƙarshen wata, ta tarar da ita tana rigima da kakanta kan yankin gwanda. Ta kwana biyu, ta koma ita kaɗai.

Sunan dai bai fita ba. Har yanzu in ya tayar da mota a ƙofar gida hannunsa kan zarce wajen hon da kansa, sai ya jiyo muryar Gimbiya daga can cikin gida: "Tsoho, kada ka soma!" Sai ya janye hannun, ya danne shi a ƙarƙashin cinya, ya jira.