Itacen da Muka Rufe Kawu Sajo da Shi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, bakwai ga watan Safar, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Kawu Sajo na Gagarawa Tasha, bayan doguwar jinya.

Kawu, kai ka fara ɗora ni a kafaɗa ka nuna mini jirgin ƙasa, yana tafiya Kano da gyaɗa da itacen dajinmu. Lokacin kana cikin leburorin gyaran layin dogo. Jirgi ya daina zuwa, dajin ma ya ƙare, amma ba ka daina bin layin nan da sandarka ba. In ka tarar da wani yana tono katakon ƙarƙashin dogo zai kai murhu, ba ka yi masa faɗa. Sai ka tsaya ka ce, "Wa ya ba ka?" Wasu su mayar, wasu su jira ka wuce. Na kuma san ka sha aika ƙirare gidan wanda ka hana, don kada a kwana ba a ɗora tukunya ba.

Ranar da ka rasu aka rasa itacen rufe kabari. Ana yi maka wanka na jiyo babban ɗanka Bilal yana cewa a je layi a ciro katako. Ba don mugunta ba, rana tana yi, gawa tana jira. Ni ban saba magana cikin maza ba, amma na sa aka kira mini shi zaure.

Na ce, "Yaya Bilal, abin da ya yi ta hana mutane, shi za mu ɗora masa?"

Ya ce, "To Malama, da me za mu rufe shi?"

Na ce a tuge dirkokin rumfar da nake karantar da mata.

Da su aka rufe ka, Kawu. Yanzu a gindin katanga muke karatu, muna bin inuwa. Jiya amalanke ta wuce cike da katakon layi, na bi ta da ido kawai.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yalwata makwancinka, Ya hutar da kai. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Inna Kyauta, da Yaya Bilal da ƙannensa. Allah Ya ba mu haƙuri, in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani.

Ummulkhair Ɗayyabu, Gagarawa Tasha