In Goge, Hajiya?

Duk gidan da ke layinmu a Nassarawa GRA yana da lambar Malam Shawulu. Mutumin Wusasa ne, ya zo Kano yana saurayi da jakar leda da sukudireba biyu, ya fara gyaran rediyo a gindin wata darbejiya. Rediyo ta ja baya ya koyi bidiyo mai kaset, kaset ya mutu ya koyi faifai, aka shigo da talabijin na dijital ya sayi tabarau ya sake zama ɗalibi da furfurarsa. Shagonsa wata 'yar kwantena ce a Badawa, kusa da gidan da suke zaune shi da matarsa Lai'atu.

Ni dai tun ina yarinya haushi yake ba ni, saboda tambaya. Ba ya kwance ko noti ɗaya sai ya tambaya sau uku. Mahaifinmu, Alhaji Muhammad Sani, yakan tsokane shi ya ce ko ruwa aka ba Shawulu sai ya tambaya ko an yarda ya haɗiye. Shi kuwa sai ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, kayan mutane ne."

Shekara bakwai da suka wuce, da Alhaji ya ajiye aikin injiniyan noman rani, wata tashar talabijin ta yi hira da shi ta minti ashirin da bakwai. Malam Shawulu ne ya zo ya haɗa mana rikoda, wata baƙar na'ura mai kama tashoshi kuma ta naɗi shiri a faifan da ke cikinta, ya zauna a kan kafet har aka gama. Bayan wata biyar Alhaji ya rasu. Mutum ne da ya tsani a ɗauke shi a waya, don haka hirar nan ce kaɗai ta rage mana da muryarsa. Mun je tashar neman kwafi, aka ce mana tsofaffin shirye-shirye sun ɓace a wajen ƙaura.

Tun daga nan, duk Juma'a bayan la'asar, mahaifiyarmu Hajiya Ma'u takan zauna a falo ta kunna hirar. Takan ba shi amsa, har da faɗa. In ya ce ya yi shekara talatin a aiki, sai ta ce, "Talatin da biyu, Alhaji, kullum sai ka rage."

Sau uku Malam Shawulu yana ce mini, "Raliya, ki bari in zo da waya in kwafe hirar nan waje. Na'ura ba ta da alƙawari." Sau uku ina ce masa sai wani satin. Gara in faɗi wannan tun yanzu.

Wata Laraba da damina tashoshi suka ɓace gaba ɗaya. Rikoda tana kunnuwa, hirar tana nan, amma ba labarai, ba tafsiri, sai shuɗin allo da rubutun da ke cewa babu sigina. Na kira shi ya zo da hantsi a kan tsohuwar basfarsa. Na buɗe masa falo, na ce ina da taro a ofis, na ja mota na fita. Hajiya tana ɗakinta, ciwon gwiwa ya hana ta tashi, labule ne kawai tsakaninta da falon.

Abin da ya biyo baya daga bakinsu biyu na ji shi, kuma ba wanda ya saɓa wa wani. Ya hau rufi ya gyara eriya, ya canja waya, ya sa na'urar ta sake laluben tashoshi, ba ta kamo ko ɗaya ba. Saura hanya guda: a mayar da ita yadda ta fito daga kamfani. A irin wannan rikoda, yin haka yana share duk abin da aka naɗa. Ya duba jerin abin da ke ciki, tabaransa ba su taimake shi ba, rubutun ƙanana ne. Daga baya ya ce ya ɗauka na riga na sa wani ya kwafe, tunda na daina ɗaga zancen. Duk da haka bai taɓa komai ba sai da ya matsa bakin labule ya yi sallama.

"Ranki ya daɗe, na'urar nan sai an goge ta kafin ta dawo daidai. In goge?"

Wanda ya san Hajiya ya san ta da tsumma a hannu. Ko an share falo sai ta bi bayan mai shara da yatsa. A wajenta goge abu ma'anarsa ɗaya ce, a cire masa datti.

"Goge ta, Shawulu. Ai ta kwana biyu ba a goge ta ba."

"Har abin da ke ciki, Hajiya?"

"Har ciki mana. Cikin ne ma ya fi buƙata."

"Kin tabbata? In na goge, babu sauran komai."

"Haka nake so. Goge ta tas, Allah ya yi maka albarka."

Ya danna. Tashoshi suka dawo fes, har da waɗanda ba mu taɓa gani ba. Hajiya ta sa aka kawo masa kunun aya.

Ranar Juma'a bayan la'asar ta miƙo mini rimot ta ce Alhaji ya ƙi fitowa. Na duba, wurin fayau. Na kira Malam Shawulu, ya iso ko hula babu. Da ya maimaita abin da suka faɗa wa juna, Hajiya ta dubi tsumman da ke kan cinyarta. Ni ce na yi magana. A gaban maigadi, a tsakar gida, na ce wa dattijon da ya girmi uwata, "Ka sake kashe mana uba." Na san ba shi ne ya kamata in zaga ba. Shi ne dai yake tsaye a gabana, kuma na san ba zai rama ba.

Bai rama ba kuwa. Cewa ya yi, "Ki ba ni ita in gwada." Ya cire rigarsa ta sama ya naɗe rikodar, ya ɗaure a bayan basfa.

Wata huɗu ban neme shi ba. Nakan ji maƙwabta suna ƙorafi ya daina karɓar aiki, wai kullum yana cikin kwantena a kan na'ura ɗaya. Na yi niyyar zuwa, na sake cewa sai wani satin.

Lai'atu ce ta zo, cikin baƙin zane, da rikodar a jakar kasuwa. Hawan jini ya kwantar da mijinta, bayan kwana tara ya cika, an kai shi Wusasa an binne. Ta ce ya kai faifan wajen masu kwamfuta har wuri biyar, daga baya ya zauna yana koyon abin da kansa, da gilashin ƙara girman rubutu a hannu.

"Ya ce a ba Hajiya haƙuri, abin da ya samu ke nan," in ji ta. "Ke kuma ya ce a gaya miki laifinsa ne, da ya yi tambaya ta huɗu."

Na nuna mata kujera. Ta ƙi zama, ta ƙi shan ruwa, ta ce ana jiranta a gida.

Muka haɗa na'urar. Daƙiƙa goma sha ɗaya ce. Mai gabatar da shiri ya ce, "Alhaji, barka da zuwa." Mahaifina ya yi murmushi, ya gyara hularsa, ya ja numfashi zai amsa. Nan hoton ya tsaya.

Hajiya tana kallonsa har yanzu, duk Juma'a bayan la'asar. Makon jiya ta sa na maimaita mata shi sau shida. Sannan ta juyo, a hankali, kamar mai jin kunyar tambayar.

"Raliya, muryar babanku mai kauri ce, ko siririya?"

Na ce mata mai kauri ce. Wallahi ban tabbata ba.